Inuwar Sandar Tuta

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen gida. Ya ƙafar? Mama ta ce ka daina shan magani wai don likitan yaro ne. Kawu, ka ji tsoron Allah ka sha maganinka.

Na san da waya na kira, cewa za ka yi maganar waya ba ta barin shaida, ka kashe. To ga takarda nan, sai ka adana.

Makarantarmu, wadda ka koyar da tarihi a cikinta shekara talatin da biyar kafin ka yi ritaya, za ta cika hamsin a ƙarshen wannan zangon. Shugabar makaranta ta ce a sake buga ɗan littafin nan na tarihin makaranta da ka rubuta lokacin da ta cika ashirin da biyar. Da yake ni na gaji allinka, ni aka ce in ƙara masa shafuka. Nan da mako shida za a kai maɗaba'a. Sai na ce ga dama ta samu, bari in sa 'yan aji biyar su yi aikin tare da ni. Wallahi na gaji da yaran da za su zubo maka shekarun yaƙe-yaƙe kamar an buɗe famfo, amma ka ce musu "wa ya faɗa?" su tsaya suna kallonka baki sake.

Ranar farko na raba musu littafin, kowa ya tashi ya karanta shafi ɗaya. Shafi na goma sha huɗu ya faɗo kan wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama a layin baya, wadda 'yan ajin ke kira Ashana. Ni da wautata na zaci don siririya ce. Ta miƙe ta karanta: "A shekara ta biyar da kafa makaranta, ɗakin karatu ya ƙone ƙurmus da daddare, saboda sakacin maigadin dare, wanda ya hura wuta ya yi barci." Ajin ya kwashe da dariya. Ita kuwa ta rufe littafin a hankali ta zauna, ba ta sake ɗaga kai ba har aka buga ƙararrawa.

Ashe jikar maigadin ce. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Bayan an tashi na tsare ta, ta ce kakan nata yana da rai, ya kusa tamanin. Tun da aka kore shi ba wanda ya sake ɗaukarsa gadi, dako ya yi ta yi a kasuwa har bayansa ya ƙi. A gidansu ba a tayar da maganar. Sai ta ce, "Malama, ke kika ce duk abin da ke cikin littafi mutum ne ya rubuta shi, kuma ana iya tambayarsa yadda ya sani. Wannan ma ana iya tambaya?"

Na ce ƙwarai kuwa. Har da bugun ƙirji na ce marubucin ma kawuna ne, ba sai mun yi nisa ba.

A ajina tambaya uku muke yi wa kowace magana: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma ido ne ya gani ko kunne ne ya ji. To Kawu, ga su nan na miƙo maka. Maganar maigadin nan, da idonka ka gani, ko ji ka yi? In ji ka yi, a bakin wa? Ba na so a sake buga shafin nan sai na san a kan me ya tsaya, domin yarinyar nan ba za ta ɗauki sunan nan har gidan miji ba ina kallo.

A gaida Hajiya. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarka,
wadda kake kira Sarkin Musu


Laraba, 4 ga wata

Zuwa ga ɗiyata Sarkin Musu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa kuma da sauƙi, ba don likitan ba. Ki gaida maigidanki da amaryata mai wawulo, ki ce mata in haƙoran ba su fito ba na fasa.

Na samu wasiƙarki, wadda ba ta da kwanan wata. Wannan abin kunya ne ga malamar tarihi. A gyara.

Game da salon koyarwarki, zan faɗa miki gaskiya tun da ni ba shugabarki ba ne. Yaro ɗan shekara goma sha shida ba alƙali ba ne. A fara cika masa kai da abin da ya faru, da shekarar da ya faru, in ya girma ya yi gemu sai ya yi musu. Ni da haka na fitar da ɗalibai aji bayan aji, ba a taɓa kawo mini ƙarar sakamako ba. Masu shirya jarrabawa ba za su tambayi yaranki ko ido ne ko kunne ba. Ki kula kada ki tara masu baki a aji, ranar jarrabawa su rasa abin rubutawa.

Maganar gobara kuwa, abu ne da kowa ya sani. Ki tambayi duk wanda ya girme ki a unguwar nan. Na ji tausayin yarinyar, kuma abin da ya kamata shi ne ki hukunta masu tsokanarta, a hana wannan suna. Amma littafi ya yi shekara ashirin da biyar a hannun mutane ba wanda ya ce uffan. Ki ƙara shafukanki a baya, ki bar na gaba yadda suke.

Allah Ya yi miki albarka, Ya rage miki musu.

Kawunki


Alhamis, 12 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Ga kwanan wata nan a sama, na ji faɗa na gyara. Amaryarka ta ce ita ma ba ta son tsoho mai sanda.

Sunan nan na hana shi tun ranar. Amma Kawu, ka lura ba ka amsa ko ɗaya daga tambayoyina uku ba? Ni na lura, yara ma sun lura, don na karanta musu inda ka ce kowa ya sani. Wani mai baki da muke kira Lauya ya ce, "To Malama, mu je mu nemo Kowa ɗin mana." Haka aka yi. Na raba su biyu-biyu, suka zaga unguwa da littattafansu. Suka samo mutum tara da suka rantse maigadi ne: tela, mai kanti, tsohuwar mai shara, tsofaffin ɗalibai, har da liman.

Ranar Litinin muka jera su a allo. Kowane ɗaya na tambaya, a ina ya ji? Muna jan layi da alli daga mutum zuwa majiyarsa. Kawu, da ka ga allon nan! Bakwai layinsu ya ƙare a kan littafinka. Biyu suka ce hedimasta na lokacin, Allah Ya jiƙansa, shi ya faɗa a taron safe da aka dawo hutu. Wanda ya gani da ido, babu ko ɗaya. Abin da tsofaffin suka gani shi ne jan wuta daga nesa bayan magariba, don lokacin makarantar a bayan gari take, gonaki ne kewaye da ita. Lauya ya tsaya yana kallon allo, can ya ce, "Ashe shaidu taran nan mutum biyu ne suka sa riguna tara." Ni kuwa daɗi kamar in yi rawa.

Amma babban abin jikar maigadi ce ta samo shi. Ka tuna hoton da ke shafi na goma sha biyar, wanda aka rubuta a ƙasansa "Washegari da safe"? Hayaƙi na tashi, rabin kwanon rufi bai faɗi ba, ga wasu maza sun ba da baya. Kowa hayaƙin yake kallo. Ita ƙasa ta kalla. Ta zo ta same ni a ofis, ta ce, "Malama, sandar tutar nan ta hoto ita ce dai wadda ke nan yanzu?" Na ce ita ce, dandamalin sumuntinta ma bai canja ba. Ta ce, "Kullum da safe in muna layi, inuwarta wajen ƙofar shiga take kwantawa, don a cikinta nake fakewa. A hoton nan kuwa wajen azuzuwa ta kwanta."

Na ce mu gwada mu gani. Washegari na fito da ajin gaba ɗaya tsakar makaranta, da alli da igiya. Tun ƙarfe bakwai da rabi muke zana inuwar sandar a ƙasa, kowace awa a aiko mutum biyu su zana. Malamin lissafi ya leƙo ya ce ko tarihi ya ƙare ne mun koma awon fili. Yara suka ƙi tafiya gida da aka tashi, aka aika wa iyaye. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, inuwar ta zo ta kwanta daidai yadda take a hoto, bakinta a kan matakalar aji ɗaya. Ihun da yaran nan suka yi, sai da shugaba ta fito da takalmi ɗaya.

Ka ga inda maganar ta dosa. Hoton da la'asar aka ɗauke shi, wuta na ci, rufi bai gama faɗuwa ba. Maigadin dare kuwa, tsohuwar mai shara ta tabbatar, sai bayan magariba yake kama aiki.

Na kai wa shugaba. Ta yaba, amma ta ce littafin ba nata ba ne, ba za ta canja ko harafi ɗaya ba sai marubucin ya yarda a rubuce. Saura mako huɗu. Komai yanzu yana hannunka, Kawu.

Ka huta lafiya. A gaida Hajiya.

Ɗiyarka


Litinin, 16 ga wata

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa ga kowa.

Kada murna ta kwashe ki. A zamanin da, hoto a fim ake ɗaukarsa, kuma masu wanki sukan kifa fim ɗin bisa kuskure, dama ta koma hagu. In haka ta faru, inuwarki ta safe ce ta koma ta yamma, duk awonku ya tashi a banza. Kun bincika wannan? Hujja ɗaya ba ta isa a rushe shafi.

Wace ce ta koya wa yarinyar nan kallon ƙasa a hoto?

Kawunki


Juma'a, 20 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya, domin wasiƙarka ta ba mu darasi guda cur. Da na karanta musu maganar kifa fim, na gane ni kaina ban yi tunaninta ba. Ajin ya yi sanyi. Jikar maigadi ta sunkuyar da kai, na ga hawaye na ɗiga a kan teburinta. Lauya ya ce wannan tsoho so yake kawai ya ɓata mana aiki. Na ce a'a, wanda ya nemo ramin da ke cikin hujjarka ya fi wanda ya tafa maka amfani, ku tashi ku nemo amsa.

Muka aro gilashin ƙara girma daga ɗakin kimiyya, hoton ya zaga aji hannu zuwa hannu. Wata 'yar ƙarama da ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba ta ce, "Malama, akwai rubutu a bango." A gefen hoton, jikin bangon aji ɗaya, an rubuta da fenti: A ZUBA SHARA A KWANDO. Yana karantuwa sarai daga hagu zuwa dama. Da an kifa fim ɗin, da rubutun ya juye. Kawu, fim ɗinka zaune yake daram! Ba ka ji tafi ba, har 'yan aji huɗu suka leƙo ta taga.

Ka ce wa ya koya mata kallon ƙasa. Ba ni ba ce. Ni dai na ce musu hoto ma shaida ne, a yi masa tambaya kamar mutum, ita kuma ta yi.

Da gilashin nan suka ga wasu abubuwa biyu. Mazan da ke hoton su biyar ne, manya, babu ɗalibi ko ɗaya. Huɗu da bokiti, ɗaya riƙe da doguwar sanda. Bayan ɗakin karatun kuma akwai wani abu a kwance kamar duro. Yanzu tambayarsu ita ce: su wa ke cikin makaranta da la'asar ranar da babu ɗalibai, kuma me suke yi?

Sun ce tunda shekarar ka fara aiki a nan, kai ma shaida ne, a yi maka tambayar da aka yi wa liman da tela. Don Allah kada ka ɗauka rashin kunya ce, ƙa'idar ajin ce. Ranar gobarar, da misalin ƙarfe huɗu, kana ina?

Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta layin nan, ban san dalili ba. Saura mako uku.

Allah Ya bar mana kai.

Ɗiyarka


Asabar, 28 ga wata

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkiri. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yaga.

Kin tambaye ni ina nake. Ina cikin hoton. Ni ne mai sandar.

A lokacinmu, ranar ƙarshe ta kowane zango, in ɗalibai sun watse da azahar, malamai kan tara tsofaffin takardun jarrabawa da aka gama ba wa maki, a ƙone su a duro, don kada su faɗa hannun yara su haddace tambayoyin. Wannan aiki kullum na sabon malami ne. Shekarar ni ne sabo, watana huɗu da fara aiki. Aka ce in tsaya a kan duron ina juyawa da sanda har ya zama toka. Na ja shi bayan ɗakin karatu don iska ta yi yawa a fili. Ana cikin haka aka buga ƙararrawar taron malamai, ga mai hoto ya zo zai ɗauke mu bayan taro. Ni kuma yaro, ina tsoron a ce sabon malami ya makara. Na ce minti goma ba komai. Na bar wuta na tafi.

Sauran kin gani a hoto. Littafi dubu biyu suka tafi. Maigadin ya iso bayan magariba ya tarar da mu muna fama, ya tuɓe riga ya shiga ɗibar ruwa tare da mu.

Washegari hedimasta ya tara mu mu biyar. Ya ce in aka rubuta gaskiya, za a kore ni kuma ba zan sake riƙe alli ba har abada, shi ma za a tambaye shi. Ya ce maigadi kuwa ko'ina zai samu aiki. Ban ce a yi ba, ban kuma ce kada a yi ba. Na yi shiru, ina jin daɗi a raina cewa na tsira. Bayan shekara ashirin, da aka ce in rubuta littafin, da hannuna na rubuta layin nan, da hannuna na sa hoton, domin shi kaɗai ne, kuma ban taɓa zaton wani zai kalli ƙasa ba. Sauran huɗun duk sun rasu. Ko Hajiya sai jiya ta ji.

Da wasiƙarki ta inuwa ta zo, tsoro ya kama ni, na kawo maganar fim alhali na san ƙarya nake karewa. Da amsarku ta zo kuwa, abin mamaki, dariya na yi ni kaɗai a ɗaki. Na ce kai, yaran nan sun iya aiki.

Ga takardar amincewa nan a haɗe, ki kai wa shugaba. Amma ba ta isa ba. Ki ba ni darasi ɗaya ranar Laraba. Zan zo in zauna a gaban ajinki su yi mini tambayoyinsu uku. Ki tambayi yarinyar tukuna, in ba ta son ganina, ba zan zo ba.

Ki yafe wa kawunki.

Kawunki


Juma'a, 11 ga sabon wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma gida lafiya, gajiya ta bi lafiya. Ba zan ɓoye maka ba, ranar da wasiƙarka ta zo na rufe ofis na yi kuka, na yi fushi da kai kwana biyu. Amma ranar Laraba da na ga ka hau matakalar nan da sandarka, ka ƙi kujerar malami ka ja bencin ɗalibai, fushin ya fara sauka.

Kai ƙasa kake kallo duk darasin, don haka bari in gaya maka abin da na gani daga bayan aji. Ba wanda ya yi motsi da kake magana. Da jikar maigadi ta miƙe ta ce, "Malam, lokacin da ka rubuta littafin ai ba mai korarka, me ya sa ka rubuta haka?", na ga hannunta ya damƙe bakin tebur. Da ka ce mata, "Domin na san kakanki ba ya karatu, kuma na san ba wanda zai tambaye shi," na zaci za ta fashe da kuka. Ba ta yi ba. Ta buɗe littafinta ta rubuta amsarka, ta sa kwanan wata, ta ce, "Na gode."

Ga abin da ya faru bayan tafiyarka, kuma shi nake so ka ji. Ni na zaci an gama. Sai Lauya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, shi ma fa shaida ɗaya ne. In tausayin yarinyar ne ya sa ya ɗauki laifin fa? Me ke goyon bayan maganarsa?" Kawu, ka ji fa! Ka zo da furfurarka ka tona wa kanka asiri, yaran nan suka ce sai ka kawo hujja. Na juya wajen allo don kada su ga bakina ya ƙi rufuwa.

Muka ɗunguma ofishin shugaba. Ta buɗe tsohuwar durowar ƙarfen nan da ke bayan ƙofa, muka yi ta atishawa har muka zaƙulo littafin taron malamai na shekarar. Ga shi da rubutun hedimasta: taro ƙarfe uku da rabi, ranar rufe makaranta. A taron da ya gabace shi kuma, layi na ƙarshe: ƙona takardu, sabon malamin tarihi. Sai a lokacin suka yarda da kai.

Su suka rubuta sabon shafin, kwana uku ana musu a kan kowace kalma. Wasu suka ce a rubuta hedimasta azzalumi ne. 'Yar ƙaramar nan ta ce ya rasu, ba mu ji ta bakinsa ba, a rubuta abin da ya yi da wanda ya faɗa, mai karatu ya yanke hukunci. Haka aka yi. Shafin ya ce gobarar ta tashi da la'asar daga duron ƙona takardu, maigadin dare bai kama aiki ba, da ya iso ya taya kashe wuta, kuma an kore shi ba da haƙƙinsa ba. A ƙasa suka jera majiyoyi: hoto, awon inuwa, littafin taro, da bakinka. Sunanka na nan kamar yadda ka ce kada a ɓoye. Tsohon layin ma ba su goge ba, sun bar shi a sama da bayanin wanda ya rubuta shi da dalili.

Shugaba ta karanta a tsaye, ta sa hannu, jiya aka kai maɗaba'a. Har ta ce in nuna wa sauran malamai yadda muke jan layin nan a allo. Batun jarrabawa kuma kada ka damu, shekarun ma yanzu sun fi zama musu, don sun san abin da ake yi da su.

Takardar da ka bar mini ta kakan, na ba jikar ta kai masa. Mai maɗaba'a ya yi alkawarin kwafi biyu na farko ranar Talata, ɗaya naka, ɗaya nasa. Abin da zai ce, ban sani ba.

Ina alfahari da yarana, Kawu. Ranar Laraba kuma na yi alfahari da kai. A gaida Hajiya.

Ɗiyarka,
Sarkin Musu


Alhamis, 17 ga wata

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ni ne maigadi. Jikata ce ke rubutawa, na ce mata kada ta gyara mini magana. Ina gaida kai da iyalinka.

Takardarka ta iso, littafin ma ya iso. Ta karanta mini shafin sau uku a ɗaki. Sannan na sa aka fitar da ni ƙofar gida, aka kira 'ya'yana da maƙwabta, ta hau kan benci ta karanta da ƙarfi. Mai kanti ya ce bai ji ba, na ce ta sake.

Na san kai ne tun ranar. Na ga duron. Na faɗa wa hedimasta sau ɗaya, ya ce in rufe bakina, na rufe.

Ka ce in yafe maka. Wannan ba a takarda ake yinsa ba. Ka zo gidana ranar Asabar da hantsi, ka faɗa da bakinka a gaban 'ya'yana, ni ma in ba ka amsa da nawa. Kada ka makara. Na riga na aika da rigata wajen mai guga.

Allah Ya kai mu.

Maigadi